Santi Sau Uku

Da asubar farko da na yi a gidan Anti, na idar da salla ina zaune a kan dadduma, sai na ji wani amo yana ratso bango. Na ɗauka firji ne a kicin. Amo ne mai kauri, ya taso daga ƙasa, ya yi tsawo, ya sirance, ya ɓace, sannan ya sake tasowa. Sai da na kasa kunne sosai na gane muryar mutum ce. Kalmomi suka biyo baya a jere, suna gangarowa kamar ruwa a indararo, ban san ko ɗaya ba. Can a ƙarshe muryar ta sassauta, ta faɗi wani abu sau uku, a hankali, kamar mai lallashin jariri: santi, santi, santi.

Na toshe bakina da gefen hijabi. Baƙuwa ce ni, ko akwatina ban gama kwancewa ba, ga shi dariya tana neman kunyata ni. A raina na ce wace irin tsohuwa ce wannan, da sassafe, ko koko ba ta sha ba, ta fara santi?

A shekarata ta biyu a jami'a a Malesiya na koma gidanta. Ɗakin kwanan ɗalibai ya ishe ni da hayaniya, ni kuma tun ina ƙarama mutum ce mai son kusurwa da taga. Anti Batamila ce a ƙabila, kakanninta daga Indiya suka zo, ita kuwa a Malesiya aka haife ta. Ta yi koyarwa a firamare har ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ɗanta tilo yana aiki a Ostiraliya. Gidan yana can sama a ɗaya daga cikin dogayen benayen unguwar Danau Kota, ɗaki uku ne da falo, ya yi mata yawa, shi ya sa take ba ɗaliba haya. Abbanmu bai yarda ba sai da ya yi magana da ita ta waya, fuska da fuska. Ya ji babu namiji a gidan, babu giya, nama ma ba ta ci balle a yi zancen alade. Ita ma ta kafa nata sharaɗin: kada naman shanu ya shigo mata gida. Haka kilishin da Umma ta ƙunso mini ya yi hijira zuwa unguwar Sri Petaling, wurin wata ƙawata, inda bai yi tsawon rai ba.

Kowa a benen Anti yake ce mata, har masu gadi. Ni kuma "yarinya" take ce mini, in ta so tsokana ta ce "furofesa", saboda yawan tsayawa da nake yi a taga riƙe da littafin da ba na karantawa. Da Turanci muke magana, irin nasu mai "lah" a wutsiyar kowace jimla.

A tsakanin ɗakina da kicin akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki da aka gina don ajiye tarkace. Shi ta mayar wurin bautarta. Ban taɓa shiga ba, ita ma ba ta taɓa cewa in shiga ba. In na wuce ƙofar a buɗe nakan hango fitilar tagulla mai lagwani, da hotuna masu launi, da farar fure da take sayowa a sarƙe, da tabarma ƙarama. Ƙamshin kafur da turaren tsinke ya kama labulen gidan har ya kama mayafaina. Gabas take fuskanta in ta zauna, wajen da rana ke fitowa ta bayan duwatsu. Ni kuwa a garin nan alƙiblata tana wajen faɗuwar rana. Duk lokacin da Umma ta kira ta ce, "Kin dai duba gabas ko?" sai in ce, "Umma, mu nan yamma muke dubawa." Ta ce, "Ke dai ki duba, ko ina suka kai ta."

Na daɗe ban tambayi Anti komai a kan karatunta na asuba ba. Ina jin nauyinta, kuma ina jin kamar tambayar ma shiga ɗakin ce. Ƙawata ce ta fasa maganar ba da niyya ba.

'Yar Kano ce ita ma, mai baki, tana karatu tana kuma saro mayafai a titin kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman tana aikawa gida. Wata Asabar ta zo mini, Anti ta tsare mu da abinci. Ta yi mana tosai, wata irin waina ce mai faɗi da sirantaka, da miyar wake mai tsami, da kwakwa niƙaƙƙiya da barkono. Ƙawata ta ci na farko shiru, ta ci na biyu shiru. A na uku ta ɗaga kai ta dubi silin, idonta a lumshe, ta ce da Hausa, "Ni fa ina ganin ko bayan digiri ba zan koma ba. Fankar nan ma ta gidan nan ta fi tamu hankali."

Na buga tebur na ce, "Santi! Wallahi santi!"

"Ƙarya kike, magana kawai na yi."

"Fanka ce mai hankali? Santi ne, Hajiya, ki karɓi abinki."

Anti ta fito daga kicin da ludayi a hannu, fuskarta ta canza. Ta ce, "Me kika ce yanzu?"

Sai a lokacin na tuna. Na ɗauka ta zaci ba'a nake yi wa bautarta. Na shiga yi mata bayani ina haɗa kalmomi da ƙyar. Na ce a wurinmu in abinci ya yi wa mutum daɗi har ya rasa inda zai sa kansa, bakinsa yakan kuɓuce ya faɗi abin da ba shi da kai, ko ya kama waƙa, ko ya yabi abin da bai shafi abincin ba. Wannan shi ne santi. In aka kama ka, an samu abin tsokanarka har ka tsufa.

Anti ta ajiye ludayin ta zauna, ta yi dariya har ta riƙe ciki, har hawaye ya taru a idonta. Ta ce, "To duk watannin nan kina jina ta bango kina cewa tsohuwar nan me take ci a ɗakin can?"

Ƙawata ta ce, "Anti, ta ce mini wai ɓoye tosai kike yi a ciki."

"Ban faɗa ba! Anti, ƙarya take yi mini."

Da dariyar ta lafa, ta gyara mini furucin. Ba santi ba ne, shanti ne, ma'anarsa kwanciyar rai, salama. Ta ce sau uku ake faɗa. Ta taɓa ƙirjinta: na farko don fitinar da ke tasowa daga nan. Ta zagaya falon da hannu: na biyu don wadda ke zuwa daga mutane da sauran halittu. Ta nuna taga, inda hadarin la'asar ya fara haɗuwa: na uku don wadda ta fi ƙarfin kowa. Sannan ta ce, "Amma naku ma bai yi nisa ba, lah. Rai ya ɗanɗana abu, baki ya buɗe ba da izini ba." Ta ƙara wa ƙawata tosai na huɗu.

Daga ranar kalmar ta zama tamu. In na yi mata kunun gyaɗa ta kurɓa, sai ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Kada ki jira, furofesa, ba zan yi santi ba." In ta gama kuma ta ce kofin ne yake da kyau.

A hankali na san abin da zaman asubar yake a wurinta. Mantra take kiran kalmomin. Mahaifiyarta ce ta sa mata su a baki tun tana yarinya a gidan ma'aikatan gonar roba, kuma tun daga lokacin ba ta bar su ba, ko ranar da ta haihu, ko ranar da aka ƙone gawar mijinta. Tana da carbi na 'ya'yan itace masu kaushi, ya ɗan fi nawa tsawo. Wannan amon na farko, om, ta ce daga cibiya yake tasowa, ya bi ƙirji, ya ƙare a leɓɓa rufe, kuma ba kunne ne yake sauraronsa ba, ƙashi ne. Wata rana muna tsinke ganye a kicin na tambaye ta ko ba ta gajiya da maimaita abu ɗaya. Ta ce, "Zuciyata kamar ajin 'yan firamare take, yarinya. Kowa yana magana, wani yana kuka, wani ya hau benci. In na fara, ɗaya bayan ɗaya suke zama. Shekarun baya sai na kusa gamawa suke yin shiru. Yanzu da na buɗe baki sun san malama ta shigo." Ta ce tana fata kafin ta mutu ajin ya yi tsit ko da na numfashi ɗaya ne, ta ji abin da ke bayan shirun.

Ban yarda da abin da ta yarda da shi ba, ta sani, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma na saba da muryar. Ta zame mini kamar ƙarar jirgin ƙasa na farko da ke wucewa can nesa, alamar cewa gari ya tashi lafiya. Ina azkar ɗina a ɗakina, tana nata a nata, bango a tsakaninmu.

A shekarata ta uku wani ƙulli ya fito mata a wuya. Likitoci suka ce sai an cire. Ɗanta ya zo, aka yi aikin, aka ce an yi nasara. Sai dai ta farka babu murya. Suka ce jijiyar murya ce ta taɓu, mai yiwuwa ta dawo bayan watanni, mai yiwuwa ba ta dawo ba. Ɗan ya zauna iya hutun da aka ba shi, ya sayo mata wata 'yar na'ura mai ɗauke da karatun mantra iri-iri, ya nuna mata inda ake dannawa, ya rungume ta a bakin ƙofa yana kuka kamar yaro, ya tafi.

Asubar da ta biyo baya na ji na'urar ta tashi, muryoyin maza masu daɗi da kiɗa a ƙarƙashi. Ba a jima ba aka kashe. Washegari ma haka. Daga nan ba ta ƙara kunnawa ba. Na tambaye ta, ta rubuta mini a wayarta, don ta haka muke magana a lokacin: "Ba sa numfashi." Matan da suke zuwa wurin bauta tare da ita sukan leƙo da yamma, su yi mata karatu, su kawo 'ya'yan itace. Amma kowace tana da jikoki da miji, ba mai iya ratso gari da asuba.

Sai gidan ya yi shiru, irin shirun da ban taɓa sanin yana da nauyi ba. Ina idar da salla sai in tsinci kaina ina jiran bango. Ba abin da ke zuwa. Tana shiga ɗakin, tana kunna fitila, ina jin ƙyastin ashana, amma ba ta daɗewa. Ta rubuta mini cewa ta gwada yi a zuci, malamansu ma sun ce na zuci ya fi daraja, amma ita ba ta kai nan ba. Da ta fara sai yaran ajin su taso mata gaba ɗaya: tsoron ƙullin zai dawo, fuskar mijinta, ɗanta a can nesa. Ba ta kaiwa ko rabin carbi.

Ta daina cin abincin kirki. Ta daina sayen fure. Gashinta da kullum yake a kitse da man kwakwa ya koma a barbaje. In na dawo daga makaranta da tapau, wato ƙunshin abinci, na shinkafa da kayan lambu daga shagon mamak, Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan benen, sai in tarar da ita a kujera tana kallon talabijin a kashe. Na yi mata kunun gyaɗa, ta kurɓa sau biyu ta ture, ko kallon gefen idon babu. Ina ganin mace tana zubewa a gabana kamar ginin ƙasa a damina, ba ciwon wuyan ba ne kuma, ya warke.

Wata asuba na fito ɗibar ruwa na same ta tsaye a ƙofar ɗan ɗakin, fitila tana ci a bayanta. Ta kama hannuna. Ta miƙo mini wayar, ta riga ta rubuta, da alama ta daɗe da rubutawa: "Ke ce kika san yadda nake yi. Kin ji ni ta bango. Ki zauna kusa da ni ki faɗa, ni kuma in bi ki a zuci. Ko om ɗin da shanti kawai. Boleh? Za ki iya?"

Gaskiya ne, na san su. Fiye da shekara suna shiga kunnena, da zan buɗe baki da sun fito da karinsu da inda take jan numfashi. Na dubi tabon da ke wuyanta, na dubi idonta. Ban taɓa son in ce wa mutum to kamar yadda na so a wannan lokacin ba.

Na ce, "Anti, ba zan iya ba."

Ba ta saki hannuna ba.

"Ba don ban damu ba. Kalmomin nan bauta ce a wurinki, ke kika faɗa mini. Ni kuma bakina wurin bauta guda ɗaya yake da shi. In na faɗa ina nufinsu, na bar addinina. In na faɗa ba na nufinsu, na mayar da abinki wasa."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta saki hannuna, ta ɗan bubbuga shi, kamar yadda malama ke yi wa yaron da ya ba da amsa daidai. Ta shiga ta kashe fitilar da yatsu, ta wuce ɗakin kwananta. Da ta yi fushi da ya fi mini sauƙi.

Ranar ban fahimci komai a aji ba. Na kira ƙawata ina tsaye a tashar jirgi. Ta ce, "Ke, kada ma ki soma. Kin yi daidai. Ki tattaro kayanki ki dawo Sri Petaling, akwai gado. Tausayi ne zai ja ki, yau ki ce om, gobe a ɗiga miki jan abu a goshi." Na ce ba haka Anti take ba. Ta ce, "Na sani, ai na ci tosai ɗinta. Amma me za ki yi mata? Ke likita ce?" Ta rufe da cewa kwastoma na jiranta.

Da yamma na kira Umma. Na ba ta labari tun daga farko, har da santin, wanda ban taɓa gaya mata ba. Ba ta yi dariya ba. Sai ta ce, "Kada ki faɗa."

"Ban faɗa ba, Umma."

"Kuma kada ki bar ta ita kaɗai. Matar da ta ciyar da ke kina baƙuwa, ta dafa miki magani kina zazzaɓi. Maƙwabciyarki ce, haƙƙinta yana wuyanki."

"To yaya zan yi? Abin da take so ba zan iya ba."

"Ita muryarki take so ko kalmomin?"

Na ce ban sani ba.

"To ki je ki sani. Ke kika yi boko."

Na kwana da tambayar. Na tuna abin da Anti ta rubuta game da na'urar, cewa ba sa numfashi. Na tuna ta ce ƙashi ne yake sauraro, ba kunne ba.

Da asuba na yi salla a ɗakina kamar kullum. Da na ji ƙyastin ashana, na ɗauki carbina da dadduma na fito. Tana zaune a kan tabarmarta, fuskarta wajen fitila, bayanta wajen ƙofa. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, bayanta ya kusa taɓa dokin ƙofar. Na tsaya daga waje na ce, "Anti, ba zan faɗi naki ba. Nawa zan yi, wanda nake yi kullum a ɗakina, ga Ubangijina. Amma zan yi shi a nan, da murya. In zai dame ki, ki ɗaga hannu in koma."

Ba ta waiwayo ba, ba ta kuma ɗaga hannu ba.

Na shimfiɗa daddumar a baranda, a wajen ƙofar, na zauna na fuskanci alƙibla. Sai da na zauna na lura da yadda abin ya kasance: ita tana duban gabas ta gaske, ni ina duban tawa gabas ɗin da ke yamma, mun ba juna baya, dokin ƙofa a tsakaninmu. Na fara. Ban saba jin kaina ba. Na yi istigfari, na yi tasbihi, ina jan kowace kalma a kan numfashi guda, a hankali fiye da yadda na saba.

Ban yi nisa ba na ji abu ya taɓa bayana. Ta matso baya kaɗan kaɗan har kafaɗunta suka jingina da nawa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar an jingina mini tsintsiya. Na ji ƙasusuwan bayanta ta cikin hijabina. Na kusa tsayawa. Sai na ji ta ja numfashi lokacin da na ja, ta sake shi a hankali lokacin da muryata ke fita. Daga can kuma na ji ƙas, ƙwayar carbinta ta faɗa kan 'yar'uwarta. Bayan wani numfashin, ƙas.

Ban san abin da take faɗa a zuciyarta ba, ko da yake zan iya zata. Ita ma ba ta san ma'anar abin da nake faɗa ba. Ban yi nawa don abin da ke gabanta ba, ba ta yi nata don Wanda nake kira ba, kuma babu wadda ta yaudari wata a kan haka. Abin da ya ratsa tsakaninmu rawar ƙirji ce kawai da ɗumin jiki. Na gama adadina ban tashi ba, na sake ɗaukowa daga farko, don na ji carbinta bai kai ƙarshe ba. Sai da haske ya fara shigowa ta tagar kicin ta ɗaga bayanta daga nawa.

Ranar ta ci tosai ɗaya da rabi. Da yamma ta sa takalmi ta sauka ta sayo fure.

Haka muka ci gaba. Ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Akwai ranar da na makara, akwai ranar da mura ta toshe ni, akwai ranakun da ba na salla, in zauna in yi salati da addu'a kawai. Akwai ranar da ta tashi a tsakiya ta fita, ta rubuta mini daga baya cewa yaran sun fi ƙarfinta yau. Ƙawata ta ce har yanzu abin bai kwanta mata ba, amma ta aiko wa Anti da mayafi mai laushi na rufe tabon wuya. Ni ma akwai asubar da nakan tambayi kaina ko na tsaya inda ya kamata in tsaya. Nakan duba dokin ƙofar, in ga ina wajensa, in ci gaba. Abin da ban zata ba shi ne nawa zikirin ya canza. Da can a guje nake yinsa, raina yana kan jarrabawa da saƙonnin waya. Yanzu da wata take jingine da kowane numfashina, dole na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, har na fara jin abin da nake faɗa.

Watanni suka wuce, damina ta sake zagayowa. Wata asuba ana yayyafi, na kai ƙarshen tasbihina na yi shiru, ina jiran ta ɗaga. Ba ta ɗaga ba. Sai na ji bayanta ya yi wata irin rawa da ba daga ni ta fito ba. Wani sauti ya biyo, busasshe, kamar ana jan ganye a kan siminti. Ya yanke. Ya sake fitowa. Na damƙe carbina a tafin hannu don kada ya yi motsi.

Shanti.

Ta huta, ta ja numfashi mai tsawo.

Shanti.

Na uku ya daɗe bai zo ba, har na fara jin tsoro. Da ya zo, rabinsa iska ce, amma ya zo.

Na naɗe daddumata na shiga kicin na ɗora kunu, hawaye yana ɗiga a kan murhu. Ta fito ta zauna, na ajiye mata kofi. Ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta dube ni ta gefen ido. Ta nuna kofin, ta buɗe baki da ƙyar, da wannan sabuwar muryar tata mai kaushi, ta ce, "Kofin nan yana da kyau."

Muryar ba ta koma kamar da ba. Amon nan mai kauri da na ɗauka firji ne bai dawo ba har na bar garin. Amma ta isa ta kai ta ƙarshen carbinta ita kaɗai, kuma bayan ɗan lokaci da kanta ta ce in koma ɗakina, bango ya ishe mu. Na koma. Sai dai na riƙa barin ƙofata a buɗe.

Yanzu ina gida. In an zauna cin abinci ƙannena suka kama wani ya kuɓuce, suka ɗauki ihun "Santi! Santi!", ina yin dariya tare da su, amma nakan ɗan makara. Kunnena yana tsayawa jiran na ukun.